Jar Rigar da Na Rantse Ba Ta Zuba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi gudu mafi tsawo a rayuwata zuwa lokacin ba, kuma ba don tsawon nasa ba. Abu biyu na ɗora a kan gudun nan. Na farko, gurbina a motar da za ta kai 'yan ƙungiyarmu Legas, gasar gudun fanfalaki. Na biyu, wanda ya fi min nauyi, bakina: na tsaya gaban mutane na rantse cewa jajayen rigunan da na saro ba sa zuba.

Ƙarshen shekarun saba'in ne. Ina da shagon kayan sawa a Jos, da gida a Gangare, da tumbin da ya fara riga ni shiga ɗaki (wannan maganar matata Hajara ce, ba tawa ba). Tumbin ne ya kai ni wurin Saje Pam, wani tsohon soja da ke tara mutane da asuba yana kora su hanyar Rayfield da gudu. Na shiga don in rage ƙiba, sai abin ya shiga jinina. Da aka fara zancen Legas kuwa, idon ɗan kasuwa ya buɗe. Mutanen nan ai dole su sa riga iri ɗaya, wa zai sayar musu in ba ni ba? Na kawo samfuri.

Saje ya murza wuyan rigar, ya ɗaga ta a rana. "Oga, jan nan ya yi yawa. Ba zai zuba ba?"

Na ce, "Saje, kaya sana'ata ce. Ka sha ganina da ita a wurin gudu, ka taɓa ganin ta zuba?"

Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar Jos. Mu nan da asuba haƙora ke kaɗawa, don haka a kan rigar sanyi nake ɗora ta. Gumina bai taɓa gaisawa da ita ba.

Saje ya ce Legas ba Jos ba ce, can iska kanta gumi take yi. Saboda haka gudun gwaji na ƙarshe, kusan mil ashirin, a ƙasan dutsen Jos inda ake zafi za a yi shi, hanyar Akwanga, kuma tsakiyar damina. Wanda ya gama zai je Legas. Wanda ya hau mota a hanya, ya gaida gida. Rigata kuma, in ta dawo yadda ta tafi, kowa zai saya.

Ana gobe tafiya Hajara ta ce, "Maigida, kawo in jiƙa ta mu gani mana." Na yi mata dariyar masu ilimi. Na ce ba a wanke kayan talla, ƙyallinsa ake nunawa. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar nan da ya kamata a ce na tsorata da ita.

Muka sauka ƙasan dutse. An yi ruwa da daddare, rana ta fito, ƙasa ta kama tururi. Ko ganye ba ya motsi. Ji nake kamar an kife ni a madambaci. Na sa jar rigata a kan farar singileti, da farin gajeren wando (duk daga shagona, don talla ta cika). Kafin a yi nisa samarin ƙungiyar sun ɓace min, ni kaɗai na rage a baya, gumi na zuba kamar an buɗe famfo. Duk bayan 'yan taku sai in ja gefen rigar in share fuska, in share wuya, in share har tsakiyar kai.

Sai na lura mutanen hanya sun fara kallona. Wata mata mai itace ta ajiye kayanta ta ɗora hannu a ka. Wani mai keke ya tsaya yana cewa, "Sannu, bawan Allah! Sannu!" Ni kuwa sai na ƙara buɗe ƙirji ina ɗaga musu hannu. A raina na ce, ka ga riga tana aiki, ko a ƙauye an san kaya mai kyau. Na ga hannuna ya yi ja, na ce jar ƙasar hanya ce. Wanda ya gaji irin wannan gajiyar ba ya bincike.

A gindin wani mangwaro kusa da kasuwar ƙauye aka tsayar da ƙarshen gudun, kuma ranar kasuwar ce. Na iso ina jan ƙafa, amma a ƙafata na iso. Wata Bafulatana mai nono ce ta fara ganina, ta saki ludayi ta kwarma salati. Kasuwa ta watso. Saje, mutumin da ya ga yaƙi da idonsa, ya taho a guje yana ihu, "Ku kwantar da shi! Mota ya buge shi!"

Kafin in sami numfashin magana, ƙarti huɗu sun shimfiɗe ni a ƙasa. Saje ya kama rigar da hannu biyu ya farke ta har ƙasa, ya farke singiletin, yana lalubar rauni. Ya juya ni, ya sake juya ni. Ga ni kwance tumbi a waje, jajir kamar an tsoma ni a manja, jama'a sun yi min zobe. Sai na ga ya dakata. Ya shafa ƙirjina da yatsa, ya shinshina. Ya dubi tsumman da ke hannunsa.

"Oga," ya ce a hankali, "wannan ba jini ba ne. Kayanka ne."

Dariyar da aka yi, har mai nonon sai da ta zauna. Saje da kansa ya ɗaga ni, idonsa ya ciko (ashe da gaske ya tsorata), ya lulluɓa min tawul ɗinsa. "Ka gama gudu, za ka je Legas," in ji shi. "Amma riganka zai zauna a Jos."

A gida Hajara ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta dai cuɗa min baya har sabulu ya ƙare, ta dubi ruwan bokitin ta ce, "In ajiye ne, ko za ka rina hula?"

Ga yadda lissafi ya tsaya. Na rasa cinikin, na rasa riga da singileti da wando, rigunan suka koma tsumman goge mota, aka kuma laƙaba min suna Ba-ya-zuba wanda har jikokina sun sani. Na samu Legas, na gama a cikin na baya, sanye da farar rigar da Saje ya sayo a shagon maƙwabcina. Tun daga ranar, duk kayan da zan rantse a kansu, sai sun fara kwana a bokitin Hajara.