Gurbi Uku Na Alhaji Tsalha

Akwai wani kamfanin sayar da taki da maganin feshi a Zariya, na wani Alhaji Tsalha, mai rassa a Funtuwa da Saminaka da Gusau. Malama Barira ce ke kula musu da kwamfutoci, mace mai kawaici wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Da zirga-zirga tsakanin rassan ta yi tsada, sai ta ba Alhaji shawarar a sayi manhajar VPN, wato amintacciyar hanyar da ma'aikaci zai bi ta intanet ya shiga babbar kwamfutar ofis daga duk garin da yake, ya ga abin da ya rage a sito, ya yanke wa mai saye rasit. Alhaji ya ce wannan abu ya yi, a kawo.

Da ta kawo masa farashin ne fara'ar ta ragu. Ta yi masa bayani cewa lasisin na shekara-shekara ne, da dala ake biya, kuma gurbi-gurbi ake saya: adadin guraben da ka biya, shi ne adadin mutanen da za su iya zama a ciki a lokaci guda. Alhaji ya tambaya ko saye ne wannan ko haya. Ta ce ya fi kama da haya. Ya ce to a haɗa shi da mai abin su yi ciniki. Ta ce babu wanda za a taya, farashin a rubuce yake a shafinsu. Ya nemi gyara, ta ce ba sa yi. Ya daɗe yana jinjina yadda za a ce ɗan kasuwa ba ya son ganin fuskar mai saye.

Mutum goma sha huɗu ne ke buƙatar shiga. Alhaji ya sa hannu a kan gurbi uku, ya ce ai ba a tare za su yi ta aiki ba. Sannan ya miƙo mata kwamfutarsa ya ce a saka masa shi ma, domin ya riƙa leƙa abin da yara ke yi, amma a gyara yadda ba za ta dame shi da tambayar kalmar sirri ba. Ta yi masa yadda ya ce. Ana jibi ƙaramar sallah ke nan.

Daga nan ma'aikata suka koyi layi. Suka buɗe zaure a waya, aikinsa ɗaya: wane ne a ciki, ya taimaka ya fito. Wani zai rubuta cewa minti biyu kawai yake so, ga mai saye tsaye a kansa. Wani ya amsa cewa yanzu-yanzu ya shiga, a yi masa haƙuri. Har wani mai barkwanci a Saminaka ya ɓullo da tura hoton buta in ya shiga, kowa ya ɗauka. Sun dai lura cewa uku aka ce an saya, amma biyu suke juyawa. Barira ta san inda na ukun yake. Sau biyu tana zuwa ofishin Alhaji da niyyar faɗa, sau biyun tana tarar da baƙi, ta gaishe su ta fito.

Ana cikin haka damina ta sauka. Wata ƙungiyar manoma ta je reshen Gusau tana son tirela biyu ta taki, a tabbatar musu a ranar. Malam Haladu, manajan reshen, ya yini yana neman shiga bai samu ba. Manoman suka sha ruwa, suka yi azahar, suka yi la'asar, suka tsallaka titi suka saya a wani shago.

Washegari Alhaji ya tara manyan ma'aikata, ya sa aka kira Barira. Tun daga ƙofa ta ga akawu yana kauce wa idonta, ga kuma wata ambulan a gaban Alhaji, sunanta a jiki. Shekararta tara a kamfanin, ta san irin ambulan ɗin: da ita ake sallamar ma'aikaci.

Alhaji ya ce ita ta kawo wannan abu, ita ta sa ya biya dala, ga shi abin ya kore masa ciniki. Ta amsa a natse cewa manhajar lafiyarta ƙalau, guraben ne ba su isa ba, kuma ta rubuta masa haka tun farko. In an ƙara biyar, maganar ta ƙare.

"Biyar?" in ji Alhaji. "Injiniya, ku 'yan boko komai sai an ƙara. Na ji labarin butar da kuke turawa, ai kun ma gano maganin da kanku. Haƙuri ne kawai babu."

"Ranka ya daɗe, mai saye ba ya jiran layinmu."

Alhaji ya gyara zama, ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, irin duban da yake yi in zai ba da tarihi.

"Mu talatin da biyu muka tashi a gidan mahaifina a Tudun Wada, banɗaki ɗaya. Ɗaya tak. Babu wanda ya taɓa makara makaranta, babu wanda ya kai ƙara. Ku goma sha huɗu na ba ku har uku. Faɗa mini, Injiniya, me muka fi ku da shi?"

Barira ta dubi ambulan ɗin, ta dubi kwamfutar Alhaji da ke gefen tebur, tire na shayi a kanta. Ta gyara mayafinta.

"Ba ku fi mu da komai ba, ranka ya daɗe. Sai dai ina jin a gidan naku, in maigida ya shiga yakan fito. Kai tun ƙaramar sallah kake ciki."