An Ga Malam Uwaisu Kusa da Duro

Zuwa ga Masu Girma, Ma'abota Hangen Nesa, Shugaba da Mambobin Kwamitin Bincike na Kamfanin Jima na Tauraron Ƙirgi, Challawa.

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin ma'aikaci ga manyansa, ina fatan iyakwandishan ɗin ofis yana aiki lafiya.

Ni ne Ishaku Tanko, mai kula da duro na biyu, wato babbar gangar nan da ke juya fatu cikin magani. Karatuna bai wuce sakandare ba. Shi ya sa da na karanta rahotonku da aka liƙa a bakin get, wanda ya sallami Malam Uwaisu bakanike bayan shekara goma sha tara yana aiki, sai kaina ya kulle. Ina roƙon a warware mini.

Na ɗaya. Kun rubuta cewa sau bakwai duro na ɗaya ya tsaya a bana, kuma duk sau bakwai ɗin an ga Malam Uwaisu kusa da shi riƙe da sifana, saboda haka shi ke lalata shi. Madalla da wannan basira! Sai dai, ranku ya daɗe, mu jahilai mun ɗauka duron ne ke fara tsayawa, sannan a aika a kira shi. Sau huɗu ma ni na kira shi da bakina. Ashe duk likitan da muka gani a kan mara lafiya, shi ya kwantar da shi?

Na biyu. Hajjo ta sashen gishiri ta shaida cewa a gabanta Malam Uwaisu ya miƙa wa Manaja takarda har uku yana neman a sayo sabon boris, wato ƙarfen da duro ke juyawa a kansa. Kun yi watsi da shaidarta saboda tana yawan makara. Ina son a fahimtar da ni yadda cunkoson hanyar Panshekara ke shiga idon mutum ya goge abin da ya gani.

Na uku. Kun ce babu takardun, don Manaja ya ce babu. Maganar Manaja kuwa abin dogaro ce, don kwamiti bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Shugaban kwamitin kuma Manaja ne. Na bi wannan hujja a tsanake, kullum sai ta dawo da ni inda na tashi, kamar duron namu lokacin da yake da lafiya.

Na huɗu, kuma shi ya fi burge ni. A sanarwar jiya kun ce tun da aka sallame shi duro na ɗaya bai sake tsayawa ba ko sau ɗaya. Gaskiya ne, ni shaida ne. Abin da bai tashi ba tun ranar, ta ina zai tsaya? Fatun da ke jiransa sun fara bayani da kansu, har masu keke suna toshe hanci in sun sauke mu.

A gafarce ni, a nan ladabina zai ɗan gaza, don raina a ɓace yake. Dattijon nan bai daina zuwa ba. Kullum da safe yana zaune wajen mai shayi a bayan katanga, bai san inda zai kai kansa ba. Ranar Litinin ya tare ni, ya ce, "Ishaku, duronka na kuka fa. Boris ne. Ba zai kai Juma'a ba." Ta bayan katanga ya jiyo, da kunnen da kuka kora.

Ni kuwa, maimakon godiya, roƙonsa na yi ya daina zuwa, kada a ce an sake ganinsa kusa. Ya ajiye kofinsa ya tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Roƙona ɗaya ne: a dawo da shi, a sayi boris. Idan hakan ya saɓa wa ilimin kwamiti, to bari in rage muku wahalar wani zaman. Ranar da duro na biyu zai tsaya, wanda za a gani kusa da shi ni ne, don nan kuka ajiye ni. 'Ya'yana uku, kuma na riga na kwashe kayana daga loka.

Allah ya ƙara wa kwamiti basira, in da sauran wurin zubawa.

Naku mai matuƙar biyayya, har zuwa ranar Juma'a,

Ishaku Tanko,
Duro na Biyu.