Gonar da Malam Ilu Ya Ara

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na ƙaryata Malam Ilu a bainar jama'a ba. In na tuna, haushin kaina kamar ya kashe ni.

Ni ke riƙe da takardun aron gona na ƙungiyar manomanmu a Mairuwa. 'Yata Rabi, da ta karanci kwamfuta, ta haɗa mana manhaja a waya: a ɗauki hoton takarda, a gefe a rubuta mai gona, mai aro, da shekarar ƙarewar aro. Amma duk sanda ka saka sabon hoto, ba ta barinka ka wuce sai ka sake duba bayanan nan ɗaya bayan ɗaya.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Da furfurata waya za ta riƙa yi mani jarrabawa? Cire!"

Ta ce, "Baba, wata rana takarda za ta faɗi abu, waya ta faɗi wani."

"Na ce cire!"

Ta cire (ni na haife ta, ya za ta yi?).

Malam Ilu ya zuba taki a gonar da ya ara, mai gonar ya ƙara mashi shekara biyu. Na gyara takardar da biro, suka dangwala, na ɗauki sabon hoto. Bayanan gefe ko kallonsu ban yi ba.

Mai gonar ya rasu, magada suka zo karɓar gona ana jiran ruwan shuka. A ƙofar mai unguwa na ɗaga waya, na duba shekarar da ke gefe, na ce, "Aro ya ƙare tun bara!"

Malam Ilu ya ce, "Haba Malam, a gabanka fa aka ƙara."

Na daka mashi tsawa: "Ka ji tsoron Allah! Gonar marayu za ka ci da ƙarya?"

Mai unguwa ya karɓi wayar, ya buɗe hoton da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo wurina.

"Malam, wannan rubutun na ƙasa, hannun wa ne?"

Nawa ne, ƙato-ƙato, har da sa hannu (mai lanƙwasa, don burgewa).

Malam Ilu ya noma gonarsa. Da na je roƙon gafara, ya ce, "Na yafe. Amma ba ni takardata, in ajiye da kaina."

Na ba shi. Yanzu kafin in ce dattijo ya yi ƙarya, sai na karanta takarda har ƙasa, balle in ni na rubuta ta.