Sibati Biyu da Takardar Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka harbe shugaban Masar a wajen fareti ba, domin wata biyu kafin nan ni ma na yi tawa ɓarnar, a kan teburin karta.

Lokacin ina tuƙa Ustaz Fu'ad, wani tsohon injiniya a Wustul Balad, tsakiyar babban birnin Masar. Da matarsa ta rasu ya rasa abokin wasan birij, kartar nan ta mutum huɗu, biyu-biyu. Ya lura ba na manta katin da ya wuce, sai ya koya mini. (Ba caca ba ce, ko kwabo ba a sawa, kada malamaina su harare ni.) Abu ɗaya na ɓoye masa: ina da shekara arba'in da uku, ban iya karatu ba.

Kulob ɗinsu ya sa gasa. Sau biyu shi da marigayiya suna zuwa na biyu, yana son kofin nan don ita. Ciwon maƙogwaro ya riga ya kusa cinye masa murya, don haka ya rubuta mini wata ƙa'ida da suke bi shi da ita. Na karɓa, na ƙura wa takardar ido, har da gyaɗa kai irin na alƙali.

"Tamam, ya Hajj?" ya tambaye ni, wato komai daidai?

"Tamam, ya Ustaz."

Na cusa ta a aljihu.

Ga abin da ke ciki, yanzu na sani. Kati iri huɗu ne, cikinsu akwai sibati da kubba da bastoni. Idan na buɗe da "sanzatu ɗaya", wato katin hannuna da ƙarfi ta ko'ina, shi kuma ya amsa "sibati biyu", ba sibati yake nufi ba. Tambaya ce: kana da kubba huɗu ko bastoni huɗu? Dole in amsa.

A zagayen ƙarshe muna kan gaba. Na buɗe, ya ce "sibati biyu" da 'yar muryarsa. Na ce a raina, tsoho yana son sibati, wane ni in yi masa musu? Na ce, "Na wuce," wasa ya tsaya a kan sibati.

Dokar wasan ita ce in shimfiɗa katina a fili, in yi shiru, shi ya buga. Na shimfiɗa. Ga kubba huɗu manya suna kallon kowa. Matar da ke hagu da ni ta sauke tabarau ta ce, "Fu'ad, direban ya wuce tasha!" Aka yi dariya har teburin baya. Ina zaune, hannu a cinya, ina kallonsa yana faɗuwa kati bayan kati.

A mota ya ce, "Ka karanta?"

"Na karanta, mantawa na yi."

"Ma'alish, ba komai," ya ce, ya juya yana kallon titi. Bai ga gasa ta gaba ba, Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan shekara huɗu na shiga ajin manya da ɗaliban ƙasarmu suka buɗe a unguwar Hay el-Sabi' bayan La'asar. Ranar da na iya haɗa baƙaƙe, na ciro takardar. A ƙasan ƙa'idar akwai layi ɗaya: "Idan rubutuna ya yi maka wuya, kawo mu bi shi tare, ba wanda zai sani."

Ashe ya sani. Ni kaɗai nake gadin sirrin da ba sirri ba.

Yanzu ko lambar bas ban gane ba, tambaya nake yi da ƙarfi. Gyaɗa kai ɗaya ya ci mini kofi ɗaya, shekara huɗu, da mutum ɗaya da ya so ya koya mini karatu.