Kaftin Safiyanu da Murjanin Khaulat

"Ni fa, in dai ruwa ne, ko na teku ko na rijiya, babu abin da ke cikinsa da bai san sunana ba!"

Mai wannan magana shi ne Safiyanu, wanda 'yan teburin shayin Abbas a unguwar Hausari ta Potiskum suke kira Kaftin. Kada ka ji Kaftin ka zaci ya taɓa tuƙa jirgi. Sau ɗaya tak ya je Legas, a saman tirelar shanu, a tsugune tsakanin ƙahonni. Da suka isa ya je bakin teku, ya tsaya can nesa inda ruwa ba zai taɓa masa takalmi ba, aka ɗauke shi hoto. Shekara shida ke nan, amma har yau ko sannu ka yi masa sai ya ba ka labarin igiyar ruwa.

To, abokina, wannan Kaftin namu yana son wata yarinya. Sunanta Khaulat, 'yar Alhaji Jalo, babban dillalin shanu a unguwar Bolewa. Mahaifin Safiyanu aminin Alhaji ne tun suna samari, saboda haka gidan ba baƙonsa ba ne. Khaulat ta karanci ilimin kifi da halittun ruwa a jami'a, kuma ta dawo da wani abu da ba a taɓa gani ba a unguwar: ɗan akwatin gilas cike da ruwan gishiri, a kusurwar falon baƙi, da ɗan injin da ke juya ruwan da wutar sola. A ciki akwai murjani mai rai, ba irin wanda mata ke sawa a wuya ba. Girmansa bai fi dunƙulen hannu ba, launinsa ruwan goro, yana da bakuna kusan talatin. Da rana bakunan a tsuke suke kamar maɓallan riga. Da magariba ta yi sai su buɗe kamar furanni, su miƙo 'yan hannuwa suna neman abinci. Sunansa murjanin rana.

Sai aka kira Khaulat sansanin bautar ƙasa na sati uku, Alhaji kuma zai bi shanunsa kudu. Ana cikin tunanin wa za a bar wa murjani, Kaftin ya yi sallama.

"Baffa, ina raye ake wannan tunanin? Ni da na sha ruwan teku da bakina?"

"Boɗɗum, ya yi kyau," in ji Alhaji. "Khaulatu, ba shi. Yaron nan ya san ruwa."

Khaulat ta dubi mahaifinta, ta dubi Kaftin. Ta ɗauko takarda ta rubuta komai, ta kuma karanta masa.

"Yaya Safiyanu, ka saurara da kyau. Ba ya son haske, a inuwa yake rayuwa. Abincinsa jatan lande ne, na daka na ajiye a firij. Bayan magariba in ya buɗe, ka ɗebo da wannan sirinjin, kowane baki ka ɗiga masa ɗan kaɗan. Kowane baki fa, domin kowanne cikinsa daban. In ruwa ya ragu, ka ƙara daga jarkar nan, ruwa zalla, ban da gishiri. Fankar nan kuma kada a kashe ta, zafi kashe shi yake yi."

"Khaulat, Khaulat," in ji Kaftin yana murmushin manya. "Abin da kika karanta a littafi, ni da ido na gan shi. Ki je kawai. Kafin ki dawo sai ya ninka."

Da yamma, a cikin takardar nan mai tsire ya naɗe masa tsire.

Washegari Kaftin ya janyo Abbas mai shayi suka nufi gidan. Ya tsaya gaban akwatin ya riƙe ƙugu.

"Abbas, me ake kiran abin nan?"

"Ka ce murjanin rana."

"To ina ranar? Wannan ita ce matsalar 'yan boko. An ce maka na rana, ka kai shi lungu ka kunna masa fanka kamar mai jego. Kama mu fita da shi."

Suka cire injin, suka ciccibi akwatin, ruwa na fantsalar musu a riga, suka dire shi a tsakar gida. Watan Afrilu ne fa, lokacin da ko ƙadangare a Potiskum a guje yake tsallaka titi.

Ya Gumsu, mahaifiyar Khaulat, ta leƙo daga kicin. Babarbariya ce mai ƙarancin magana, amma idonta ba ya barin komai ya wuce.

"Wushe, sannu Safiyanu. Ba inuwa yarinyar ta ce ba?"

"Ya Gumsu, ki bar wa masu ruwa ruwansu. Ke dai ki ji da miyarki."

"To," in ji ta, ta koma ciki.

Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi har Abbas ya ce in da ganyen shayi a kusa da ya jefa. Suka mayar da akwatin falo. Magariba ta yi, murjani ko baki ɗaya bai buɗe ba. Ya ƙanƙance, ya tsuke, kamar yaron da aka kawo wa maganin ɗaci.

"Yunwa ce," in ji Kaftin.

Ya buɗe firij, ya ɗauko jatan landen, ya sunsuna, ya yatsina fuska.

"Ba gishiri, ba yaji, ba albasa. Wa zai buɗe baki saboda wannan?"

Ya kai wa Abbas aka soya masa da ƙwai uku, wai yana gwada ingancinsa. Ingancin ya yi masa, ya side faranti. Kashegari ya dawo da kilishi mai yaji, ya marmasa a kan murjani kamar mai barbaɗa wa shinkafa. Murjani shiru. Ya ƙwanƙwasa gilas. Shiru. Ya yi masa fito irin na makiyaya. Shiru. A rana ta uku gefen bakunan ya fara yin fari. Khaulat ta kira shi a waya daga sansani.

"Yaya Safiyanu, yana buɗewa kuwa?"

"Buɗewa? Har sai na roƙe shi yake rufewa!"

Ya ajiye waya, gumi na bin bayansa. In abin nan ya mutu, ya san shi da ƙofar gidan Alhaji Jalo sai dai hange daga nesa.

A rana ta huɗu ya shigo falo da hantsi, jiki a sanyaye. Ruwan ya yi duhu-duhu kamar an dama kunun kanwa an tsinka. Ya kafa ido a gilas, sai ya daka tsalle. Ga murjani can a buɗe, kowane baki wangalau, launinsa jajir kamar sabon manja, da rana ƙiri-ƙiri!

"Abbas! Abbas!" Da gudu ya isa teburin shayi, takalmi ɗaya a ƙafa. "Ya buɗe! Da rana! Abin da ita mai digirin ba ta taɓa iyawa ba!"

Daga ranar Kaftin ya daina taka ƙasa kamar sauran mutane. Ya sayi farar hula mai baki irin ta matuƙan jirgi. Kullum da safe a fita da akwati rana, da yamma a dawo da shi. Kilishi ya zama dambun nama, dambu ya zama balangu. Ruwa ya ragu, ya cika da na randa, ya zuba gishirin miya cokali biyar, ya jefa ɗan dunƙulen magi don ɗanɗano. Murjani kuwa ko gezau. Safe a buɗe, rana a buɗe, yamma a buɗe.

"Ka ga lafiya," in ji Kaftin. "Ko barci ba ya yi."

Abbas ya toshe hanci. "Kaftin, amma warin nan fa? Jiya na ga ungulu biyu a kan katangar Alhaji."

"Warin teku ke nan, baƙauye. Ka taɓa zuwa Legas?"

Ya fara ɗora bidiyo a waya, yana kiran kansa Likitan Murjani na Arewa Maso Gabas. Ya ce nan gaba kaɗan zai buɗe gonar murjani a Ngojin ta nan Potiskum, ya riƙa lodawa a tirela ana kai wa mutanen Legas, tunda su ba su iya kiwonsa ba. 'Yan teburin shayi suka ƙara masa sarauta, suka koma kiransa Sarkin Tekun Randa. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, har da ɗaga hannu.

A sati na biyu ya tarar da baki ɗaya ya rabu da sauran, yana yawo a saman ruwa.

"Allahu Akbar! Ya haihu!"

Ya Gumsu tana wucewa da tsintsiya, ta tsaya.

"Wa ya haihu?"

"Murjani, Ya Gumsu! A hannuna!"

"Barka," in ji ta. "Allah Ya raya." Ta yi saurin shigewa ɗaki tana tari, mayafi a baki.

Kafin sati ya ƙare an samu haihuwa huɗu. Kaftin ya kwashe jariran a kofin shayi, ya raɗa wa babban suna Safiyanu Ƙarami.

Ranar da Khaulat za ta dawo ta zo daidai da dawowar Alhaji daga kudu. Kaftin ya ga dama ta samu. Ya gayyato 'yan teburin shayi kaf, da abokan Alhaji na kasuwar shanu, aka cika falo. Ya lulluɓe akwatin da sabon zani, ya fesa turare kwalba guda, amma warin ya tsaya daram, sai dai ya zama wari mai turare. Dattawa suka zauna kowa da gefen rawani a hanci.

Khaulat ta shigo da kakinta na bautar ƙasa, ta gaida mutane, ta tsaya cak.

"Me ya mutu a gidan nan?"

"Babu abin da ya mutu sai tsohon ilimi," in ji Kaftin. Ya gyara hula, ya juya ga Alhaji. "Baffa, an ba ni amanar baki talatin. Yau ga su, har da ƙarin 'ya'ya huɗu. Mutumin da ya riƙe ɗan teku a tsakiyar Potiskum har ya hayayyafa, ina ganin in an ba shi wata amanar da ta fi wannan, ba zai ba da kunya ba."

Ya saci kallon Khaulat, ya fizge zanin.

Ruwan ya zama kore, kitse na yawo a sama, gishiri ya daskare a gefen gilas. Can ƙasa ga abu a buɗe. Khaulat ta matsa, ta ƙura ido. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannu ta ciro shi, ta jujjuya. Ta ja baki ɗaya, ya miƙe, ta saki, ya koma ɗas.

"Yaya Safiyanu, wannan ai furen roba ne."

Kaftin ya zabura.

"Wane irin roba? Yana cin abinci! Ya haihu!"

"Furen kan talabijin ɗin mamata ne. Ga gam nan a jikin dutsen."

Sai ga Ya Gumsu ta fito daga ciki, tana riƙe da ƙaramin akwatin gilas da Khaulat ke haɗa sabon ruwan gishiri a ciki, ta ajiye a hankali a inuwar kusurwa. Ruwan garau. Ga murjani na gaskiya a zaune, ya yi ɓul-ɓul, farin gefen bakunan ya warke.

"Rana ta uku na ga zai mutu," in ji ta. "Na kira yarinyar nan ban same ta ba, sai na yi yadda na saba ganin tana yi. Na ɗauke shi na kai ɗakina, na sa masa fanka da ɗan injin da ta ajiye. Na aika aka sayo jatan lande na daka, kullum bayan magariba ina bin bakunan ɗaya-ɗaya da sirinji. Shi kuma Kaftin na ce in na bar masa akwati ba komai zai tayar mana da hankali, sai na yanko furen nan na manna a dutsen murhu."

Khaulat ta rungume mahaifiyarta. Abbas kuwa tuni ya zame daga kujera yana dukan ƙasa.

"Sati biyu da rabi!" yana faɗa yana haki. "Balangu! Ni ko yanka ɗaya bai taɓa ba ni ba!"

"To jariran fa?" in ji Kaftin da wata siririyar murya, yana miƙo kofin shayi.

"Gam ne ya saki," in ji Ya Gumsu.

Alhaji Jalo bai yi dariya ba. Ya karɓi dutsen daga hannun 'yarsa, ya ɗaga shi sama, ya duba gaba ya duba baya, yadda yake duba saniya kafin ya taya. Rana da gishiri sun cinye furannin, sun koɗe, sun motse, sun lanƙwashe.

"Gumsu, wannan ba shi ne furen da na sayo miki a Kano ba? Manya-manya, masu ƙiba?"

"Shi ne, Alhaji."

Alhaji ya girgiza kai, ya miƙa wa Kaftin dutsen a hannu.

"Safiyanu, shekara arba'in ina ba mutane kiwo. Na ga wanda saniya ta rame a hannunsa, na ga wanda akuya ta rame a hannunsa. Amma wanda roba ta rame a hannunsa, wallahi sai a kanka. Riƙe abinka, ka gaida gida."