Wayar Baba Na-Tsafe

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Bungudu ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau idan makullai suka yi ƙara a aljihuna sai gabana ya ɗan faɗi.

A lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Tudun Wada, cikin Gusau, kuma girman kaina ya fi shagon faɗi. Mutane suna ce mini Injiniya, ni kuma ban taɓa yi musu gyara ba. Wata rana Hajiya Balkisu ta kira ni. Ita ce shugabar wata makarantar al'umma a Bungudu, kuma ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata, don haka Inna nake ce mata. Ta ce suna da ɗaki cike da kwamfutoci ashirin da wani ya ba su kyauta shekaru da dama da suka wuce, sun tsufa, sun daina aiki. Kwamitin makaranta ya yanke shawarar a kwashe su a sayar wa 'yan jari-bola, a mai da ɗakin aji. Ita kuma tana da ɗalibai 'yan ajin ƙarshe da za su zauna jarabawar shiga jami'a, wadda a kan kwamfuta ake yi, yawancinsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. In aka rufe ɗakin, sai dai su riƙa zuwa Gusau koyo, kuma da yadda hanya take a shekarun nan, iyaye da yawa sun ce 'ya'yansu ba za su bi ta kullum ba.

"Sun ba ni sati uku," in ji ta. "Na ce masu ina da ɗa wanda zai tada su. Kak ka ba ni kunya."

Na ce, "Inna, sati uku ma ya yi yawa." (Ban ko ga kwamfutocin ba tukuna.)

Da na je na gani, sai na gane na cika baki. Ɗora musu sabon tsari mara nauyi, wato babban shirin da ke tafiyar da kwamfuta, bai ba ni wahala ba. Matsalar ita ce dole su riƙa magana da juna, domin tambayoyin gwaji a kan kwamfuta ɗaya suke, sauran sha taran daga wurinta za su riƙa ɗauko su. To, katin sadarwar da ke cikin kowace ɗaya wani tsohon abu ne da ko sunan kamfani babu a jikinsa, sabon tsarin bai san da zamansa ba. Wayar da ta haɗa su ma ban taɓa aiki da irinta ba. Baƙa ce, mai kauri kamar ta eriyar talabijin, guda ɗaya tal, ta bi bayan kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya kamar an ɗaure awaki a igiya guda.

Ina cikin dubawa sai wani dattijo ya shigo yana dogara sanda. Baba Na-Tsafe ake ce masa, tsohon ma'aikacin wayar tarho ne da ya yi ritaya, shi ya shimfiɗa wayar da hannunsa, kuma yana cikin kwamitin. Ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, wagga waya da kai da wutsiya take. Kak ka taɓa ta ba ka hwaɗa min ba."

Na ce, "To, Baba," irin to ɗin da ake ce wa tsoho don ya tafi.

Abin da ya rage shi ne in rubuta wa katin direba da kaina. Ga wanda bai sani ba, direba ɗan shiri ne da ke tafinta tsakanin kati da zuciyar tsarin kwamfuta, wadda muke kira kenel. Shiri na yau da kullum idan ya yi kuskure, shi kaɗai yake mutuwa. Direba kuwa a cikin kenel yake zaune, in ya yi tuntuɓe duk kwamfutar ce take sandarewa. Ban taɓa rubuta ko ɗaya ba, amma ban ga dalilin gaya wa kowa hakan ba.

Na ɗauki kwamfutar farko da ta ƙarshe a layin, da duk abin da ke maƙale a bayansu, na kai shagona na haɗa su da guntun waya. Kwana goma sha shida ina fama. Na samo tsohuwar takardar bayanin wani kati mai kama da shi, ina tura lamba ina jiran in ga abin da katin zai ce. Kwamfutar ta sandare ya fi sau ɗari. Duk bayan kwana biyu kuma sai Baba Na-Tsafe ya bugo waya daga Tsafe ya tambaye ni ko na taɓa masa waya. Rannan ya kira daidai lokacin da nake rubuta sashen da ke kula da karo, wato idan saƙonni suka yi ta cin karo a waya har katin ya gaji ya haƙura. A irin wannan wuri ana sa direba ya rubuta ɗan bayani don mai gyara ya gani. Raina a ɓace yake, sai na rubuta da manyan baƙaƙe: WAYAR TSOHO CE TA LALACE, BA NI BA. Na yi dariya ni kaɗai, na ce zan goge daga baya. Da yake karon bai taɓa faruwa a shagona ba, rubutun bai taɓa fitowa ba, ni kuma na manta da shi sarai.

Ran Talata na mayar da kwamfutocin biyu wurinsu, na ɗora direban a kan duka ashirin. Suka yi aiki. Inna ta ɗaga hannu tana sa mini albarka, ni kuwa ina jin kamar ni na ƙirƙiro wutar lantarki.

Safiyar Laraba, ranar da kwamiti zai zo ya gani, zoben makullaina ya ɓalle ina kashe babur a ƙofar makaranta. Na tsince su na zuba a aljihu, makullin babur da na shago da ɗan filashin da nake ajiye aikina a ciki. Ina zagaya ɗakin ina kakkaɓe ƙura sai na ga a bayan kwamfutar ƙarshe, inda wayar ta ƙare, akwai wani ɗan murfin ƙarfe mai sheƙi, da 'yar sarƙa tana lilo a jikinsa. Na ce wannan ai murfin ƙura ne. Na murɗe shi, na zura makullaina a sarƙar, har ina yaba wa kaina da dabara. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Ƙarfe sha ɗaya da rabi suka shigo. Alhaji Mudi, shugaban kwamitin, mutum ne mai sayar da hatsi wanda ba ya son dogon zance, kuma ba mugu ba ne, akwai aji guda da ke karatu a ƙarƙashin rumfa, shi ya sa yake son ɗakin. Ya zauna ya dubi agogonsa.

"In anka kira azahar abin ga bai tashi ba, mun gama magana, Hajiya," ya ce. "Man janareta ma iyakarshi ke nan."

Ɗalibai ashirin suka zauna gaban kwamfutocin, sauran suka cika taga. An aro majigi an haska allon babbar kwamfutar, wadda tambayoyin ke kanta, a bango. Na yi jawabi na kusan minti goma a kan kenel, ba wanda ya tambaye ni. Sannan na ce kowa ya danna maɓallin fara gwaji.

Babu abin da ya fito. Allo ashirin, kowanne yana cewa a jira.

Na yi murmushi na ce ƙaramin abu ne. Don in nuna gwaninta, maimakon in cire majigin, sai na buɗe shafin da kenel ke rubuta abin da yake ciki, a gaban kowa. Sai ga shi a bango, da baƙaƙe manya kamar na allon talla: WAYAR TSOHO CE TA LALACE, BA NI BA. Layi ɗaya, layi biyu, sannan ya shiga zubowa babu tsayawa, ya cika bangon daga sama har ƙasa.

Da a ce da Turanci na rubuta, da wataƙila na samu mafaka. Amma da Hausa ne tsantsa, wadda ko ɗan aji ɗaya zai karanta. Wata ɗaliba ta toshe baki da hijabinta. Alhaji Mudi ya juya ya dubi Baba Na-Tsafe, domin duk ɗakin tsoho ɗaya ne yake da waya. Baba ya gyara tabarau, ya karanta a hankali leɓunansa na motsi. Inna kuwa ƙasa take kallo. Wannan shi ya fi yi mini ciwo.

Na kashe majigin. Sha biyu da kwata. Wani mai hankali da sai ya tambayi kansa, me ya canja tsakanin jiya da yau? Ni ban tambaya ba. Na tabbata kuskure ne mai zurfi a cikin direban, irin wanda sai gwani zai gano. Na buɗe rubutun na shiga yi masa tiyata. Na ƙara yawan gwajin da katin zai yi kafin ya haƙura, na sa kwamfutar ta sake haɗa shirin. Tsohuwar kwamfuta ce, tana aikin kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi, minti goma sha biyar muna zaune ana jin ƙarar janareta kawai. Na gwada, shiru. Ɗaya saura kwata. Gumi ya jiƙa mini sabuwar shaddar da na sa don wannan rana.

Sai na yi abin da ko a shagona ba zan yi ba. Akwai wani ɗan kulle a cikin direban da ke hana sassa biyu taɓa katin a lokaci guda. Na ce ƙila shi ke riƙe saƙonnin, na cire shi. Aka sake jiran minti goma sha biyar. Ina ɗora shi, allon ya cika da lambobi, linzami ya ƙi motsi, kwamfutar ta sandare ɗungurungum.

Alhaji Mudi ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Hajiya, kin yi ƙoƙari. Ba laihinki ba na."

Inna ta ce, "Alhaji, ba a kira salla ba tukuna." Na tsaya ina kallon allon, babu sauran dabara a kaina ko ɗaya. Ban san lokacin da na zaro makullaina daga aljihu ina jujjuya su a yatsa ba, al'adata ce in na rikice.

"Yaro," in ji Baba Na-Tsafe. "Miƙo min abin ga da ka riƙe."

Na miƙa masa. Ya ɗaga ɗan murfin sama yadda kowa zai gani, makullaina na reto a jikinsa.

"Ina kas samo wanga?"

"A bayan ta ƙarshen can, Baba. Murfin ƙura ne."

"Wutsiyar waya ta," ya ce a hankali. "Ɗaya na nan kai, ɗaya na can wutsiya. In saƙo ya kai ƙarshen waya, shi ka shanye shi. In babu shi, saƙon dawowa yakai baya, ya yi karo da na bayanshi, babu wanda ka wucewa. Shi na nic ce ka hwaɗa min kahin ka taɓa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Kwana goma sha shida ina cikin kenel, ina ganin na kai inda ba kowa ke kaiwa ba, ashe ban san aikin ɗan ƙarfen da bai kai kan babban yatsa ba. A shagona ma sa'a ce ta yi aiki, don kwamfutar farko da ta ƙarshe na ɗauko, kowace da murfinta.

Baba ya dogara sandarsa har ƙarshen ɗakin, ya durƙusa da ƙyar, ya murɗa murfin a wurinsa. Ya dawo ya zube mini makullai a tafin hannu. "To, waya ta samu lahiya. Saura naka."

Nawa kuwa na riga na lalata shi da hannuna. Allah Ya taimake ni direban jiya yana cikin filashin nan. Na kashe kwamfutar na kunna, ta ɗauki lokacinta tana tashi, Alhaji Mudi yana tsaye a bakin ƙofa hula a hannu. Na mayar da tsohon direban. Na ce wa ɗaliban, da wata 'yar siririyar murya da ban san ina da ita ba, su sake dannawa.

Yarinyar da ke kan kwamfutar ƙarshe ce ta fara cewa, "Malam, tambaya ta hito." Sai na kusa da ita, sai layin gaba ɗaya. Ba a yi minti biyu ba ladan ya ɗaga murya.

Alhaji Mudi ya sa hularsa ya ce a bar ɗakin yadda yake, za su san yadda za su yi da 'yan rumfa. Inna ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi za ta kira mahaifiyata ta ba ta labari, kuma ta cika alkawari. Bayan salla na sami Baba a gindin bishiya na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya yi dariya har da tari, ya laluba aljihu ya ciro wani guntun tsohuwar wayar tarho, ya ce in ɗaure makullaina da shi tun kafin in kwance wa wani ƙofar gida.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ni nawa hakin har sarƙa gare shi, kuma da kaina na sa shi a aljihu. Direban yana nan yana aiki a Bungudu, layi ɗaya kawai na canja a cikinsa. Yanzu idan saƙonni suka yi karo, abin da yake rubutawa shi ne: INJINIYA, DUBA ALJIHUNKA TUKUNA.