Rasuwar Mai Ɗumama Ruwan Gidan Eulalia

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsoro a ƙarƙashinsa, uwargida Doña Eulalia Rentería ta unguwar tudu a garin Zacatecas tana sanar da rasuwar na'urar da ke ɗumama mata ruwa da zafin rana. Shekara goma sha ɗaya marigayiyar ta yi a kan rufi tana fuskantar kudu.

Baiwar Allah ce mai riƙon amana. Zafin da rana ta ba ta, ba ta barin iska ta sace. Ko da tsakar rana ka taɓa bututunta na gilashi, sanyi ƙalau za ka ji, alhali ciki ruwa na tafasa, tana 'yar gunaguninta, ƙulu-ƙulu. Da ruwanta Eulalia ke wanke mijinta Nicanor kullum safe tun da jikinsa ya shanye.

Ciwo ya fara bara. Iska ta kutsa cikin bututu uku, gindinsu ya yi furfura, jikinsu ya ɗauki zazzaɓi, zafi na ta zurarewa. Sai ruwan famfo ya ɗauke kwana huɗu, ta gasu a rana ciki wayam. Eulalia ta san ya kamata ta lulluɓe ta da bargo, amma gwiwarta ta ƙi tsani. Ranar Laraba da azahar ruwa ya dawo, mai sanyin ƙanƙara. Tas. Tas. Tas. Bututun gilashi masu zafi suka farfashe.

"Shi ke nan, tsoho," in ji Eulalia. "Sai mu koma wa waccan."

"Gara na yi wari," in ji Nicanor.

Waccan ita ce tsohuwar na'urar ɗumama ruwa mai aiki da iskar gas da ke banɗaki, inda babu taga. A gabanta aka tsinci gawar ɗansu Rogelio, hayaƙinta ya shaƙe shi, ƙofa a rufe, ruwa na zuba. Tun ranar ba a kunna ta ba. Amma gyambon kwanciya ba ya jira, bayan Eulalia ba ya ɗaukar tukunyar ruwan zafi, ga Disamba ta ƙarato. Gaskiya abin da ban tsoro.

Marigayiyar ta bar tanki, da bututu biyu masu sauran numfashi, da tsofaffi biyu.

Za a sauko da gawa Lahadi bayan an taso daga coci. Masu ɗauka su sa safar hannu. Ba a bukatar furanni. Roƙon iyali ɗaya ne ga maƙwabta: daga Litinin, wankan ƙarfe bakwai ne. In takwas ta yi ba ku ga Eulalia tana shara a ƙofa ba, kada ku tsaya sallama, ku ɓalle ƙofar.